Digiri na biyu a fannin jinyar mata da yara a ABU Zariya: ƙarfinsa da inda ɗalibai ke maƙalewa

Ga nas ko ungozoma mai burin koyarwa a jami'a, digiri na biyu a Sashen Kimiyyar Jinya na Jami'ar Ahmadu Bello ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa. Ana shiga da BNSc, wato digirin farko na jinya na shekara 5, da lasisin Hukumar Jinya da Ungozomanci wanda bai ƙare ba. A fara da darussan aji, sannan kundin bincike.

Ƙarfinsa yana wajen marasa lafiya. Asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika yana karɓar matan da aka turo daga nesa da jijjiga, doguwar naƙuda ko zubar jini bayan haihuwa. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan kuma yana da sashen masu yoyon fitsari. A Zariyar nan Farfesa Kelsey Harrison ya tattara bayanan haihuwa 22,774, aka buga a 1985, har gobe ana kafa hujja da su.

A kundi ne tafiya ke tsayawa. Ba a yi wa mace ko ɗaya tambaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini a rubuce. Wanda ya jira sai ya gama komai kafin ya nema, watanni za su wuce shi yana zaune. Takardar tambayoyi kuma, yawanci da Turanci ake tsara ta. A fassara ta zuwa Hausa, wani daban ya mayar da ita Turanci, a gwada biyun. A jarraba ta a wani asibiti kafin a fita, a ƙara kashi 10 cikin ɗari kan adadin matan da lissafi ya bayar saboda masu janyewa.

Littafi ya ce zubar jini mai yawa bayan haihuwa ya fara daga mililita 500. Wace mace ce ta auna? A tambaye ta zani nawa ya jiƙe, ko ta ga jiri, ko an yi mata ƙarin jini. Mai cikin fari kuwa, kunya ba za ta bar ta ta yi magana gaban uwar miji ba; a keɓe da ita, mai tambaya ta zama mace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a layin awo kaɗai. Matan da suka fi shiga haɗari a gida suke haihuwa, babu su a layin. Sai an shiga unguwa ta hannun mai unguwa, da yardar mazajensu.

Wadda ke aikin dare ta nemi hutun karatu tun kafin rajista, domin zirga-zirga tsakanin Samaru, inda jami'ar take, da Shika tana cin lokaci. Daga nan kuma ƙarin girma, daga ƙaramin malami har zuwa farfesa, yana buƙatar digiri na uku da maƙaloli a mujallun da masana ke tantancewa. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin mako guda, kwamitin ƙarin girma na iya ƙin lissafa ta.