Opera Mini, Chrome da sauran manhajojin da ke wayata

A 2011 na fara shiga intanet, da wata 'yar Nokia mai madannai da Yaya ya bar mini lokacin da ya samu BlackBerry. Shi ya saka mini Opera Mini da 2go, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ga ta nan, amma idan katinki ya ƙare kada ki neme ni." Tun daga ranar nake auna kowace manhaja da mudu ɗaya: nawa za ta ci mini? Yanzu ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga ɗakina a Tudun Wadar Zariya, waya ce shagona, kuma mudun bai canza ba. Sai ma ƙara riƙe shi da na yi tun farkon 2025, da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

2go, manhajar hira wadda 'yan Afirka ta Kudu suka ƙirƙira, ta daɗe da barin wayata. Opera Mini kuwa na canza waya sau biyar tana biye da ni. Dalilin shi ne yadda take aiki. Idan kika buɗe shafi, ba kai tsaye yake zuwa wayarki ba. Sai ya fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi kamar yadda ake danne gwanjo a dila, a rage nauyin hotuna, sannan a turo miki. Kamfanin, wanda asalinsa na ƙasar Norway ne kafin wasu 'yan kasuwar Sin su saye shi a 2016, yana cewa matsewar kan kai kashi 90 cikin 100. Ni ban taɓa zama na ƙirga ba. Abin da na sani, idan na je ƙauyen kakata inda sabis yake sanda ɗaya, sai an tsaya gindin darbejiya ake samun biyu, Opera Mini ce kaɗai ke buɗe mini labarai kafin hannuna ya gaji. Akwai kuma ajiye shafi a karanta daga baya ba tare da data ba. Da shi nake tara girke-girke da dare, in karanta da safe a kicin.

Matsewar nan tana da tsadarta. Shafin da ke buƙatar cike fom, ko loda hoto, ko biyan kuɗi, ba ya son a danne shi. Wani madannin ba zai fito ba, wani kuma ki taɓa ya yi shiru. Ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake, kuma ana iya sassauta matsewar a saiti. Ni dai na raba musu aiki: karatu na Opera Mini, duk abin da ya shafi takarda ko kuɗi na Chrome.

Chrome ta Google ce, ta fito a 2008, kuma kusan duk wayar Android da ita take zuwa. Tana nuna shafi yadda masu shi suka gina shi, ba ragi. Lokacin da ƙanwata ke jiran gurbin karatu, a Chrome muka duba shafin JAMB, bayan mun juya ta zuwa yanayin kwamfuta, domin a yanayin waya wasu wuraren ba sa bayyana. Tana riƙe kalmar sirri, abin da ya cece ni sau da yawa, ni da ban iya riƙe lambar wayar maigida ba sai da muka shekara. Tana kuma juya shafin Turanci zuwa Hausa, tunda Google ya saka Hausa cikin harsunan fassararsa a 2013. Hausar takan fito kamar ta wanda ya koya a littafi bai taɓa shiga kasuwa ba, amma ana gane inda aka dosa. Sai dai Chrome ba ta san talaka ba. Da tana da wani tsari na rage cin data, aka cire shi a 2022. Idan kin buɗe shafuka goma kin manta da su a ƙaramar waya, za ki ji bayanta ya yi ɗumi kamar an ɗora a murhu.

Akwai wata burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, da ta zo maƙale da wayar da na saya bara, ba zan faɗi sunanta ba. Ranar nan wata Hajiya, ƙawar Umma, ta zo zaɓen leshin bikin 'yarta. Na miƙa mata wayar tana duba hotuna, sai ga sanarwa ta faɗo daga sama da hoton da ba ya nunuwa ga babba. Hajiya ta ce, "A'uzubillahi! 'Yar nan, me kike kallo haka?" Na yi rantsuwa har na gaji. Ta sayi leshin, amma har yau idan mun haɗu sai na ji kunya. A daren na shiga saiti na kashe mata sanarwa, tunda ta ƙi goguwa.

WhatsApp ita ce kasuwar. Idan kaya suka iso daga Kantin Kwari, in ɗauki hoto a tsakar gida kafin rana ta yi zafi, in ɗora a sitatus. Awa 24 yake yi ya ɓace, wanda ke sa mata saurin cewa "ajiye mini wannan". Saƙon murya kuwa ban san wanda ya kai shi amfani ba, domin rabin masu sayen kayana ba sa son rubutu, wasu ma ba su yi boko ba, amma ciniki suke da ni har da neman ragi da addu'a a ƙarshe. Shawara ɗaya: ki kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye. Zauren dangi da na biki da na tsofaffin ɗalibai za su iya shanye gigabait guda kafin azahar, da wa'azin da kin riga kin gani sau huɗu.

Facebook ina amfani da ƙaramarsa, Facebook Lite, wadda aka yi a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi irinmu. Can nake samun sababbin masu saye daga Kaduna da Funtuwa, sannan mu koma WhatsApp mu ƙarasa magana; duk gida ɗaya ne tun 2014 da Facebook ya saye ta. Na taɓa mayar da shi Hausa, tunda an saka harshen a 2016, na yi mako guda na dawo da shi yadda yake, saboda yatsana ya riga ya haddace wuraren. Twitter kuwa, da gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a rediyo na ji. Ba mai sayen turare a can.

Jiya ƙanwar tawa ta kawo mini sabuwar wayarta in shirya mata. Na saka Opera Mini, na jawo Chrome kusa da ita, na kashe sauke bidiyo a WhatsApp, na bi sanarwa ɗaya bayan ɗaya na rufe. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Yaya, TikTok fa?" Na ce wannan ta saka da hannunta, ranar da ta fara sayen data da kuɗinta.