Bluetooth ko Xender: wanne ya fi wajen kwashe waƙoƙi daga laftof zuwa waya?

Wani ɗan'uwa daga Rigasa ya yi tambaya daren jiya. Yana da laftof 'yar gwanjo mai Windows 10, a cikinta akwai waƙoƙi kusan 600 da yayansa ya tara tun yana makaranta, galibinsu na kalangu da kuntigi, sai ƙasidu. Yana so ya mayar da su cikin wayarsa Tecno, amma bakin cajin ya saki, in ya soka kebul sai ta riƙa kamawa tana saki. Ya ce: "Bluetooth ya fi ko Xender? Kuma data nawa abin zai ci?"

Malam, bari in fara da ta biyun, don ita ce ke hana mutane barci. Ko sisi ba zai ci ba. Bluetooth ba ruwansa da data, Xender ma haka, muddin ka bi ta hospot. Ta farkon kuwa, ga waƙa 600 kada ka ma waiwayi Bluetooth. Ga dalili.

Mu yi lissafi. Waƙar MP3 da aka matse a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan MB 1 kowane minti. Ta minti 5 ta zama MB 5 ke nan. Waƙoƙinka 600 sun tashi wajen GB 3, kuma na yi maka rangwame ne, don mun san waƙar kalangu ba ta san minti 5 ba, wata sai ta kai rabin awa maroƙi bai gama jero zuriyar mai gida ba. Irin Bluetooth ɗin da ake tura fayil da shi iyakar gudunsa a takarda megabit 3 ne a daƙiƙa, abin da ke isa hannu kuma bai wuce 2 da 'yan kai ba, wato kamar rubu'in MB 1. Ko da komai ya tafi daidai, waƙa ɗaya za ta ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka ninka sau 600, za ka ga awa 3 zuwa 5. Idan an kawo muku wuta bayan la'asar ka fara, kana iya yin isha'i bai gama ba, kuma batirin 'yar gwanjo ba ya jiran kowa in aka ɗauke.

Kada ka ce ai wayata Bluetooth 5 ce, sabuwa. Ƙarin da aka yi a 5 ya fi shafar ɓangaren da ke haɗa agogon hannu da ƙananan na'urori, ba tura fayil ba. Gudun turawa yana nan inda yake tun zamanin Nokia.

Amma ban ce a yar da shi ba. Amfaninsa shi ne ba ka bukatar saukar da komai. Ka kunna shi a wayar da kwamfutar, ka haɗa su, lamba ta fito a fuskokin biyu ka amince. Sai ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta fsquirt, ka zaɓi aikawa, ka zaɓi wayar, ka zaɓi waƙoƙin. Wayar za ta tambaye ka ko ka karɓa. Tazarar kada ta wuce mita 10, kuma bango yana rage ta. Ba ya ɗaukar folda sukutum, sai dai ka zaɓi fayilolin da ke ciki. Ga waƙa 3 ko 4 da kake so ka saurara a A Daidaita Sahu daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci, ya wadatar. Haka in wayar ƙarama ce ta maɓalli, irin wadda iyayenmu ke sauraron tafsiri da ita, to Bluetooth ne ko memori hanyar da ba kebul, tunda galibinsu ba su da Wi-Fi.

Xender kuwa a kan Wi-Fi take tafiya, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Da an ce Wi-Fi sai a ɗauka intanet ake nufi. Ba haka ba ne. Wi-Fi hanya ce kawai tsakanin na'ura da na'ura, kamar lungun da ke tsakanin gidanka da na maƙwabcinka: kana iya miƙa masa tuwo ba tare da ka fita babban titi ba. Idan ka kunna hospot a wayarka, laftof ta kama, to sun haɗu ke nan, ko da babu ko MB 1 a layinka. A yawancin wayoyin Android hospot yana kunnuwa ko data na kashe.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe Xender a wayar, ka nemi wajen haɗawa da kwamfuta, ka zaɓi hanyar hospot. Za ta nuna maka sunan Wi-Fi da wani adireshi na lambobi da ya fara da 192.168. Ka haɗa laftof da wannan Wi-Fi ɗin, ka buɗe Chrome ko duk burauzar da kake da ita, ka rubuta adireshin daidai yadda yake, har da lambobin da ke bayan ɗigo biyun nan. Wayar za ta nemi izini, ka ba ta. Daga nan shafi zai buɗe, sai ka jawo waƙoƙin ka zuba. Ko a ce MB 3 kawai kake samu a daƙiƙa, wanda tsohuwar laftof ma tana iya yi, GB 3 ɗin nan bai kai minti 20 ba. Awa 4 a gefe guda, minti 20 a ɗaya gefen. Ba sai an kira alƙali ba.

Abin da na fi so a wannan hanyar shi ne ba ka girka komai a kwamfutar. Ko Windows 7 ce, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020 amma har yau take cike a shagunan buga takardu na Tudun Wada, za ta yi, tunda burauza kawai ake bukata. Illarta talla ce, da yawan izinin da take nema a waya. Kowa ya san wannan, mun dai saba.

Ga inda na ƙone, don kada ka bi sahuna. Wata rana na kunna hospot zan tura wa ƙanwata karatu, na manta ban kashe data ba. Laftof ɗin ta yi wata biyu ba ta ga intanet ba, tana kamawa sai ta shiga sabunta kanta a ɓoye. Ina kallon karatu yana wucewa ina murna, sai ga saƙo wai datata ta ƙare, ta wata guda da na saya shekaranjiya. Laifina ne. Saboda haka kashe data tukuna, sannan ka kunna hospot. In dole ne ka bar ta a kunne, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna abin da suka kira Metered connection, zai sa kwamfutar ta kama bakinta.

Tunda Windows 10 gare ka, akwai wasu biyu da ba ka ambata ba, kuma ni a yanzu su na fi amfani da su. Ta farko Quick Share. Google ta fito da ita a 2020 da sunan Nearby Share, ta yi wa Windows tata a 2023, sannan a farkon 2024 aka haɗe ta da ta Samsung aka koma wannan sunan. Tana cikin wayarka tun asali, ja saman fuskar ƙasa za ka gan ta. A kwamfuta ne kawai za ka saukar da ita sau ɗaya. Sharaɗinta Windows 10 ko 11 mai 64-bit, kuma Bluetooth da Wi-Fi duka su kasance a kunne, don da Bluetooth suke gano juna, sannan Wi-Fi ya ɗauki kayan. Tana karɓar folda gaba ɗaya, babu talla. Sai dai in ba a kan Wi-Fi ɗaya suke ba tana iya komawa Bluetooth shiru, ka ga abu yana jan ciki ka rasa dalili. Haɗa su a hospot tukuna. Kuma laftof da yawa na gwanjo Bluetooth ɗinsu ya mutu ko direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, ya ɓace lokacin da aka yi musu fomat, to a nan Quick Share ba za ta ga wayar ba sam.

Ta biyu LocalSend, ita ba ruwanta da Bluetooth. Kyauta ce, ba talla, ba rajista, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone. Ka girka ta a duka biyun, ka haɗa su a hospot ɗaya, kowacce za ta ga 'yar'uwarta. Ranar farko Windows zai fito da tambayar kariya, ko a bar ta ta yi magana da wasu na'urori. Ka amince. Mutane da yawa suna danna a'a don tsoro, sannan su ce manhajar ba ta aiki.

WhatsApp da Telegram da Google Drive fa? Suna yi, amma su ne masu cin kuɗi. Za ka biya GB 3 wajen ɗorawa daga laftof, ka sake biyan GB 3 wajen saukewa a waya, alhali na'urorin biyu suna kan tabarma ɗaya. Wannan na wanda ke son aika wa ɗan'uwa a Zariya ne. Ribar Drive guda ɗaya ce, yana ba da GB 15 kyauta, kuma in laftof ɗin ta mutu gobe tarin yayanka bai bi ta ba.

Ga masu iPhone da za su tambaya: Bluetooth ba zai karɓi waƙa daga Windows ba, AirDrop, hanyar turawa ta Apple, kuma ba ya aiki da Windows. Ku saukar da manhajar sauraro ta VLC, a cikinta akwai wajen rabawa ta Wi-Fi da ke ba da adireshi irin na Xender. Waƙoƙin za su zauna a cikin VLC ɗin, can za ku saurare su. Hospot ɗin iPhone ba ya kunnuwa sai da data, don haka ku ari na mai Android.

Kafin ka fara, Malam, duba wurin da ya rage a wayar, kada a kai waƙa ta 400 ta ce ta cika. In kana da memori, can za ka mayar da su. Ka kuma leƙa ƙarshen sunayen fayilolin. Tarin da aka yi shekarun baya sau da yawa akwai WMA a ciki, waɗanda aka kwafo daga faifan CD, kuma ba kowace manhajar sauraro ke buɗe su ba. In Boomplay da ke zuwa da Tecno ta ƙi nuna wasu, ba ɓata suka yi ba, gwada VLC. Duk abin da ka gani da sunan waƙa amma ƙarshensa exe, ba waƙa ba ce, bar shi inda yake.

Da ni ne kai, tunda Xender na cikin wayar, yau da daddare zan kashe data, in kunna hospot, in tura su kashi-kashi, 100 bayan 100, don in abu ya tsinke a tsakiya in san inda na tsaya. Ka sa wayar a caji yayin da kake yi, hospot yana shan batir kuma yana ɗumama waya. In kebul ɗin ya ƙi zama, tokare shi da littafi kafin ka samu zuwa wajen mai gyara.