Seachem Equilibrium a ruwan sama: yana ba da GH, ba ya hana pH faɗuwa

Mai kiwon kifin ado da ke son ruwa mai laushi, irin su kadinal tetra, diskos da Apistogramma, yakan koma ga ruwan sama don ruwan famfo ya yi musu tauri. Matsalar ita ce ruwan sama kusan fanko yake: GH (taurin ruwa, wato yawan kalsiyam da magnesiyam) sifili, KH (kabonet ɗin da ke shanye tsami) sifili, pH ɗinsa (ma'aunin tsami) kuma wajen 5.6 saboda iskar kabon da ya sha a hanya. A nan ne ake kawo Equilibrium, garin ma'adinai na kamfanin Seachem na Amurka, don a mayar wa ruwan abin da ba shi da shi.

Garin launin ƙasa-ƙasa ne, kuma duk gishirin salfet ne: fotashiyam, kalsiyam, magnesiyam, da ɗan ƙarfe da manganis. Babu sodiyam, babu kuloraid, wanda alheri ne ga tsirrai. Ma'aunin da ke jikin roba gram 16 ne ga lita 80, yana ɗaga GH da kusan digiri 3. A sauƙaƙe, gram 7 a lita 100 na ba da digiri ɗaya. Tankin kadinal mai tsirrai ya wadatu da digiri 2 zuwa 3. Mai canza lita 25 a mako zai buƙaci gram 5 kawai, don haka robar gram 300 za ta shekara ba ta ƙare ba. A auna da sikeli, domin garin yakan dunƙule idan ya sha danshi, sai cokali ya yaudare ka.

Narkewa ce ba ya yi da sauri. Kalsiyam salfet ɗin da ke ciki shi ne jifsam, ba ya son ruwa sosai. Idan ka zuba shi kai tsaye a tanki, ruwan zai yi fari-fari, ƙura ta kwanta a kan ganye. Gara a sa shi a kwalba da ruwa mai ɗumi, a girgiza sosai, a juye a durom, a bar famfon iska yana juya shi har kwana.

Inda mutane suka fi cin karo da shi kuwa batun KH ne. Equilibrium ba ya ƙara KH ko kaɗan, kamfanin ma bai ce yana yi ba. KH shi ne ke shanye tsami. Bakteriyar da ke cikin filta, yayin da take mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitret, tana cin kusan miligram 7 na wannan kariya a kan kowane miligram ɗaya na naitrojin ɗin amoniya. Tankin da ya fara da KH sifili ba shi da abin biya, sai pH ya gangaro daga 6 zuwa ƙasa da 5, bakteriyar ta yi sanyi, amoniya ta taru. A ruwa mai tsami ba ta da dafi sosai, amma ranar da aka zuba sabon ruwa mai pH sama da 7 sai ta rikiɗe ta ƙona wa kifi gaɓoɓin numfashi. Mai tanki ya auna GH ya ga 3, ya rasa abin da ya kashe kifinsa. Maganin shi ne sodiyam bikarbonet, wato bakin soda: gram 3 a lita 100 na ba da KH digiri ɗaya, kuma digiri 1 zuwa 2 ya isa. Masu hayayyafar kifin baƙin ruwa irin na kogin Rio Negro da ke Kudancin Amurka sukan bar KH a sifili da gangan, amma su kifi kaɗan suke sawa, suna kuma sa ido kan pH kullum.

Wani abin lura, an yi garin ne don tankin tsirrai. Fotashiyam ɗinsa ya ninka kalsiyam fiye da sau biyu. A tanki mai ciyayi sosai wannan taki ne. A tankin diskos da ba ko ganye ɗaya, kana cika ruwa da abin da ba mai ci, alƙaluman TDS, wato jimillar abin da ya narke a ruwa, su hau a banza. Ga irin wannan tankin, haɗa ruwan sama da na famfo ya fi: idan famfonka GH 12 ne, kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwan sama zai ba da 3, da ɗan KH a kyauta, sai dai a kashe kulorin tukuna.

Kada a sa Equilibrium a ruwan cike gurbin wanda ya ƙafe. Ruwa ne ke tashi, ma'adinai suna nan, don haka zallan ruwan sama ake ƙarawa.

Ba ya kuma tsarkake komai. Ruwan da ya bi ta indararon jan ƙarfe zai kashe jatan lande da dodon koɗi ko da GH ya yi daidai. Sabon kwano na sakin zink, rufin siminti na ɗaga pH, na kwalta na sakin mai. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, a tara na baya a durom ɗin roba mai duhu da murfi, wanda bai taɓa ɗaukar sinadari ba, a bi da shi ta gawayin tace ruwa, a auna amoniya da naitret. Sannan a ɗumama shi ya kai zafin tankin kafin a zuba.

Ga mai tankin tsirrai da tetra, ya cancanci saya, muddin akwai bikarbonet da abin auna KH a gefe. Mai tanki marar tsirrai ya nemi garin kalsiyam da magnesiyam zalla, ko ya haɗa da ruwan famfo.