Ƙwayar Aquatabs ga masu sayen ruwan karo a Kasala

Tun da kwalara ta ɓarke a Kasala, birnin da ke gabashin Sudan, a daminar 2024, gidajen da ke sayen ruwa a karon jaki suka san wannan ƙwayar. Sinadarin kulorin ne a dunƙule da ake jefawa a ruwan sha don kashe ƙwayoyin cuta, kuma tana aiki sosai a kan kwalara da taifot, muddin an bi ƙa'idarta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1897, zamanin Sarauniya Victoria, taifot ya kama mutum sama da 1,800 a garin Maidstone na Ingila, bayan najasa ta shiga maɓuɓɓugan da ke shayar da garin. Da ruwan kulorin aka wanke bututun garin. Kafin nan, a 1854, likita John Snow ya gano rijiya guda ce a titin Broad na Landan ke yaɗa kwalara, daga baya aka tarar ramin masai na tsiyaya kusa da ita. Duk mai rijiya dab da shadda ya lura da wannan.

Ƙwaya mai nauyin miligiram 67 ta jarka ɗaya ce mai lita 20, idan ruwan garau yake. A jefa, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif. A duba jikin takardar, domin akwai mai 33 da mai 167, kuma rikita su ne ke sa ruwa ko dai ya yi ɗaci ko ya zauna ɗanye.

Rauninta ruwan laka ne, irin na lokacin da kogin Gash, wanda ya ratsa Kasala, ya kawo. Laka tana shanye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A bar ruwan ya kwanta tukuna, da alam ko dakakken irin zogale, a tsiyaye na sama ta tsumma mai tsabta, sannan a sa. In har yanzu da duhu-duhu, biyu za a sa. Aquatabs ba ta kashe Cryptosporidium, ƙwayar cuta mai sa yara gudawa. Wannan sai tafasawa.

Mafi yawan ɓarna a randa take faruwa: an tace ruwa, an juye, sai kowa ya tsoma moɗa da hannunsa. A bar shi a jarkar roba mai murfi, a riƙa tsiyayawa, a sha cikin yini guda. Ɗan warin kulorin alama ce tana aiki, kada a rage ƙwayar don gudunsa.