Starlink a Tahoua da rokar da ke ɗauke da shi

Tun da aka buɗe Starlink, wato intanet ta taurarin ɗan'adam na kamfanin SpaceX, a hukumance a Nijar a watan Maris na 2025, fararen farantansa masu kusurwa huɗu suka fara bayyana a saman shaguna da ofisoshi a Tahoua, kuma a ganina sun cancanci yabon da ake yi musu ta fuskar sauri. A wani shagon buga takardu da nake zuwa, na ga wata dattijuwa tana hira ta bidiyo da ɗanta da ya tafi ci-rani Abijan, murya da hoto suna tafiya tare har suka yi sallama. Dalilin haka shi ne taurarin kamfanin suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, alhali taurarin talabijin da muka saba da su suna can kusan kilomita 36,000, saboda haka saƙo ba ya daɗewa a hanya.

Mai niyyar saye ya lissafa wuta tun farko, domin babban faranti yana cin wat 75 zuwa 100, ke nan sai da batir ko hasken rana a lokacin zafi da ake yawan ɗauke kuran. Kuɗin wata ma ya fi dacewa da shago ko maƙwabtan da suka haɗa hannu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, wadda ita ce ta sa harba dubban taurari ya yiwu. Sashenta na farko mai injuna tara yana dawowa ya sauka a tsaye, a duba shi, a sake zuba masa mai, an fara cin nasarar saukar da shi a Disamba 2015, aka kuma sake harba wanda ya taɓa tashi a Maris 2017. Sashe na biyu kuwa, mai inji ɗaya, ba ya dawowa: da zarar ya sauke kayansa, galibi akan juyo da shi ya ƙone a cikin iska. Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin inji ne lafiyayye da ya yi aikin mintoci kaɗan.

Wani zai ce a sake amfani da sashen na biyu a can sama domin tura ƙananan kumbuna, amma wannan ba abu ne mai sauƙi ba. Mai ya ƙare, ruwan iskar oksijin da ya saura yana ƙafewa, ƙarfin injin kuma ya yi wa ƙaramin kumbo yawa, shi ya sa taurarin Starlink suke tafiya da ƙananan injunan lantarki masu amfani da iskar kirifton ko argon. Duk da haka tunanin yana da tushe, tun da Skylab, tashar sararin samaniya ta Amurka ta 1973, daga sashen roka aka ƙera ta, ko da yake a ƙasa aka yi gyaran kafin a harba ta.