Wane littafin Kuvempu ya kamata ka fara saya?

Duk mai neman sanin adabin Kannada, harshen mutanen jihar Karnataka a kudancin Indiya, da sunan Kuvempu zai fara cin karo. Cikakken sunansa Kuppali Venkatappa Puttappa. An haife shi a 1904, ya tashi a ƙauyen Kuppali cikin duwatsun Malnad masu duhun daji da yawan ruwan sama, ya rasu a Mysore a 1994. Shi ya rubuta waƙar da ta zama taken jihar, ya kuma shugabanci Jami'ar Mysore daga 1956 zuwa 1960. Littattafansa da yawa, kuɗin aljihu kuwa kaɗan, ga tsadar kawo kaya daga Indiya. Dole mutum ya zaɓa.

Hannun mai saye yakan fara kaiwa ga Sri Ramayana Darshanam, kuma da dalili. Ita ce doguwar waƙar da ta samo masa manyan lambobin yabo biyu na adabin Indiya: ta Sahitya Akademi a 1955, da ta Jnanpith ta shekarar 1967, wadda babu marubucin Kannada da ya riga shi samu. Tsohon labarin nan na Indiya, Ramayana, na Rama da matarsa Sita ya ɗauko ya sake masa zubi cikin layi sama da dubu ashirin. A labarin da aka gada, Sita ce kaɗai take shiga wuta don ta wanke kanta daga zargi. A wajen Kuvempu kuwa, Rama ma ya bi ta ya shiga. Wannan sauyi kaɗai ya isa ya nuna maka irin mutumin. Akwai fassarar Turanci ta Shankar Mokashi Punekar, amma ban ba ka shawarar farawa da ita ba. Daɗin waƙar yana cikin kari da amon kalmominta, abin da da wuya ya tsira a fassara. Wanda ya taɓa jin waƙar Hausa a bakin mai ita, sannan ya karanta ta da Turanci, ya san asarar da nake nufi. Ƙari a kan haka, in ba ka san asalin labarin ba, ba za ka gane wuraren da ya saɓa masa ba, alhali a nan gwanintar take.

Ni dai da ƙagaggun labaransa biyu nake cewa a fara. Na farko shi ne Kanooru Heggadithi na 1936, wanda kamfanin Penguin ya fitar da Turanci a 1999 da sunan The House of Kanooru, fassarar Ramachandra Sharma da Padma Ramachandra Sharma. Labarin babban gidan wani mai gonaki ne, Chandrayya Gowda, da yarinyar da ya auro, Subbamma, da matashi Hoovayya wanda ya dawo daga karatu ya tarar gidan yana tsagewa. Rabon dukiya, ikon maigida, matar uba da ba ta girmi 'ya'yan miji ba: mai karatu ba zai sha wahalar shiga ba, don zaren labarin a gida ɗaya yake.

Na biyu, Malegalalli Madumagalu na 1967, ya fi shi girma da zurfi, kuma shi na fi so. Fassarar Vanamala Viswanatha mai suna Bride in the Hills ta fito a 2024. Babu tauraro ɗaya a cikinsa. Za ka bi Gutti, bawan gona daga ajin ƙasa a tsarin Indiya na rarrabe mutane bisa asali, yana ratsa daji cikin ruwan sama da karensa Huliya a baya, don ya gudu da Timmi da yake so. Sai a bar shi a koma kan Mukundayya da Chinnamma, 'ya'yan masu ƙasa, su ma suna fama da nasu auren. Marubucin ya ba bawan da karensa daraja daidai da ta iyayen gidansu, kuma mawaƙin da kake nema yana nan a yadda yake siffanta daji da damina. Sai dai littafin mai kauri ne ƙwarai, sunaye kuma kamar ƙasa. Da aka mayar da shi wasan kwaikwayo a Mysore a 2010, kwana aka yi ana kallo, kusan awa tara. Ka tanadi takarda da biro don rubuta wane ne ɗan wane.

Mai ƙaramin lokaci zai iya neman gajeren wasan kwaikwayonsa Shudra Tapaswi, inda ya ƙi yarda a kashe Shambuka, wani ɗan ajin ƙasa da Rama ya kashe a tsohon labarin, don kawai ya yi ibadar da aka haramta wa irinsa.

In kana da haƙuri, ɗauki Bride in the Hills. In gwaji kake so ka fara yi, The House of Kanooru ya fi sauƙi. Kafin ka biya a intanet, duba sunan mai fassara da harshen bugun da kyau. Shagunan Indiya sukan rubuta sunan littafi da haruffan boko a shafin talla, alhali cikinsa duk rubutun Kannada ne. Ka kuma tambayi kuɗin aikowa tun farko, don littafi mai nauyi irin wannan dakonsa kan iya kamo farashinsa.