Tulun Pepsi ko Tulun Coca-Cola: Wanne Ya Dace da Mai Haɗa Giya a Gida?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa giyarka a gida can Amurka, lita 19 a kowace dahuwa, ka gaji da wanke kwalabe kusan hamsin da jiran mako biyu kafin ta kama iska, wato iskar kabon mai sa ta kumfa, shi ya sa kake son komawa tulun ƙarfe da famfo, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin nau'ukan tulun biyu, bol-lok da fin-lok. Na yi aiki da dukansu.

Asalinsu ɗaya ne. Tuluna ne na galan 5, wato lita 19, da aka ƙera domin lemon kwalba, ana kuma kiransu Cornelius da sunan kamfanin da ya yi fice wajen ƙera su. Pepsi ta yi amfani da bol-lok, Coca-Cola kuma da fin-lok, kuma da kamfanonin suka koma zuba ruwan zaƙinsu cikin leda a kwali, sai tsofaffin tulunan suka faɗa hannun masu giyar gida. Ƙarfensu ba ya tsatsa, ɗanɗanon abin da ke ciki kuma bai dogara da nau'in tulu ba.

Bambanci na farko shi ne baki. Na Coca-Cola haƙora ne da shi, biyu a bakin shigar iska, uku a bakin fitar giya, saboda haka ko cikin duhu ba za ka haɗa tiyo a inda bai dace ba. Na Pepsi kuwa bakunansa biyu sun yi kama ƙwarai, sai ka lura da cewa mahaɗi mai ruwan toka na iska ne, baƙi na giya. Idan ka tilasta ɗaya a gurbin ɗaya, cire shi sai da gumi. A nan na Coca-Cola ya yi zarra.

Sai dai a sauran wurare na Pepsi ne a gaba. Siriri ne dogo, tsayinsa kusan inci 25, faɗinsa 8.5, alhali ɗan'uwan nasa gajere ne mai kauri, faɗinsa inci 9. Wannan rabin incin kamar ba komai ba ne, amma a cikin firiza mai murfi a sama yana iya zama bambanci tsakanin shigar tulu uku da shigar tulu huɗu. Don haka ka auna cikin firijinka da awo kafin ka fitar da ko dala ɗaya. Haka kuma murfin na Pepsi galibi yana da ɗan zobe da ake ja a rage iska, abin da yawancin na Coca-Cola ba su da shi, sannan sababbin tuluna da kayan gyaran da ake ƙerawa yau kusan duk na bol-lok ne. Ga mai farawa, shi nake ba da shawara, sai fa idan firijinsa gajere ne.

Idan na hannu ka saya, ka canza zobban robarsa guda biyar a ranar. Na taɓa sayen wani daga mutumin da ya tabbatar mini ya wanke shi tas, ban canza ba, dahuwata gaba ɗaya ta fito da ƙamshin tsohon lemo, kuma har yau ina jin takaicin wannan aikin na wata guda.

Abin da ya fi tulun muhimmanci a wurina shi ne tukunyar iskar kabon, na'urar daidaita matsinta, da tiyo. Ka sayi na'ura mai agogon awon matsi biyu mai inganci, ka sa ta a kan 10 zuwa 12 na psi, wato ma'aunin matsin iska, sanyin firijin kuma ya tsaya wajen digiri 3 zuwa 4 na ma'aunin Salsiyas. Cikin mako ɗaya zuwa biyu giyar za ta kama iska. Tiyon giya ya kasance mai rami 3/16 na inci, tsawonsa kamar mita 3, domin gajeren tiyo shi ne yake cika kofi da kumfa zalla. Bayan ka haɗa komai, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ƙananan kumfa suka taso, nan iska take yoyo, kuma yoyo ɗaya yana iya ƙarar da iskar tukunyar a dare guda.